Jarka goma sha huɗu a falo: tarihin siririn gam ɗin da ke riƙe da akwatin kifi

Idan ka taɓa shiga wani otal ko falon wani mai hali a cikin Katsina ka tarar da akwatin gilashi cike da ruwa, 'yan kifaye masu launi suna ta kai da komo, na san a kan kifin idonka ya tsaya. To yau ɗauke ido daga kifin, ka dubi kusurwar akwatin, inda gilashi ya haɗu da gilashi. Babu ƙusa, babu noti, babu walda. Wani siririn gam ne kawai, wanda kaurinsa bai kai na tsinken ashana biyu ba.

Mu ɗan yi lissafi. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 60, yana cin lita 360. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda goma sha huɗu ke nan da ɗoriya, nauyin kilo 360. Ruwan nan kuwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura gilashin gaba waje da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 216. Wurin da gam ya kama a gilashin gaban, idan kaurin gilashin mil 10 ne, duka-duka murabba'in santimita 240 ne, bai kai shafi ɗaya na littafin rubutun 'yan makaranta ba. Ranar da wannan gam ya saki, ka san abin da zai biyo baya: kafet ya jiƙe, ruwa ya nufi soket, kifin da aka saya da tsada yana birgima a ƙasa, ga fasasshen gilashi a inda yara ke rarrafe.

Idan haka ta faru, kowa gam yake zagi, a ce jabu ne. Akwai jabun kam a kasuwa. Amma sau da yawa laifin yana cikin minti biyar ɗin da suka gabaci matsa gam ɗin, wato yadda aka shirya fuskar gilashin. Kafin ka ga dalili, sai mun koma baya mun ga yadda aka yi nauyin ruwa ya tashi daga kan ƙarfe ya koma kan abin da ido ba ya gani.

Tsare ruwa a cikin abin da hannu ya gina ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Marina sun daɗe suna shafe ramukan karofi da laso. Ana kwaso katsi, wato laka da tokar da ke kwanciya a ƙasan ramin rini, a cuccura, a shanya, a ƙona, a daka, sannan a kwaɓa da gashin dabba da ruwan dafara mai yauƙi. Magina ma suna amfani da shi a soraye don kada rufi ya yi yoyo, kamar yadda suke yaɓe bango da makuba. Kowane magini ya san cewa yaɓe ba ya kama bango mai ƙura, sai an share an yayyafa ruwa. Ya kuma san cewa bango mai kaushi ya fi riƙe yaɓe, domin laka tana shiga ramuka da tsagogi ta bushe a ciki ta maƙale. Ka riƙe wannan, domin darasin farko zai bi mu har kan gilashi, na biyun kuwa a nan zai tsaya. Gilashi sumul yake, ba shi da ramin da wani abu zai shiga ya maƙale.

Wannan santsi shi ya wahalar da waɗanda suka fara ajiye halittun ruwa a gilashi. A shekarar 1832 wata Bafaranshiya mai suna Jeanne Villepreux-Power, wadda da ɗinki ta fara rayuwa a Paris kafin aure ya kai ta Messina a tsibirin Sisili, ta ƙera akwatunan da take nazarin wata dabbar teku mai ƙwarya a ciki, har ta tabbatar da cewa dabbar ita ke yin ƙwaryarta da kanta. A Landan, masanin sinadarai Robert Warington ya bayar da rahoto a 1850 cewa ya ajiye kifi biyu da ciyawar ruwa da 'yan dodon koɗi a mazubi ɗaya, kowa yana amfanar kowa, ba tare da an riƙa canja ruwan ba. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a, shekara guda bayan haka Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar akwariyom. Akwai kuma hannun gwamnati a ciki, ko da yake ba don kifi ta yi ba: a 1845 Ingila ta soke harajin da ta yi kusan shekara ɗari tana karɓa a kan gilashi, farashi ya faɗi, masu matsakaicin hali suka iya saye.

Akwatunan wancan zamani firam ne na zubin ƙarfe, ƙasansu falalen dutse irin wanda ake allon makaranta da shi a da, sai a jera gilashi a cikin firam ɗin a toshe gefe da wani ƙulli na alli da mai, sau da yawa a haɗa da garin dalma. Ƙullin nan ba manna gilashi yake yi ba, toshe kafa ce kawai aikinsa. Firam ke ɗaukar nauyi, ruwan da ke ciki kuma shi ke danna gilashi a jikin ƙullin. Shi ya sa idan aka zubar da ruwa aka bar akwatin ya bushe na 'yan watanni, ƙullin ya tsattsage, ranar da aka sake cikawa sai yoyo. Ga dalma guba ce, ga ruwan gishiri yana cinye ƙarfe da tsatsa. Haka aka yi ta fama fiye da shekara ɗari. Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan lokaci ba a damu ƙwarai da tsabtar gefen gilashi ba. Ƙullin ma ai da mai aka kwaɓa shi, ɗan maiƙon yatsa me zai ƙara?

Mafita ta fito ne daga hannun mutumin da bai ga amfanin abin da ya gano ba. Frederic Kipping, malamin sinadarai a Nottingham, ya shafe kusan shekara arba'in yana haɗa sinadaran da ke ɗauke da ƙwayar da ke cikin yashi. A Turanci sunan wannan ƙwaya da sunan gam ɗin harafi ɗaya ya raba su, a bakin Bahaushe kuwa duk silikon ne, don haka bari in ari sunan da 'yan'uwanmu na Maraɗi masu karatun Faransanci suke kiran ƙwayar da shi, silisiyom, in bar wa gam ɗin silikon. Kipping ne ya ƙirƙiro sunan silikon a 1901, bisa zaton da ya yi game da ginin sinadarin, zaton da daga baya aka gano kuskure ne, amma suna ya riga ya bi shi. Gwaje-gwajensa kan bar wani danƙo a gindin kwalba, shi kuwa ɓata masa aiki yake ganin danƙon yana yi. A laccar da ya gabatar gaban ƙungiyar masana ta Royal Society a 1936, ya nuna ba ya hango wani babban amfani nan kusa daga wannan fanni.

A daidai lokacin, kamfanin gilashi na Corning a Amurka ya sa wani matashin masani, James Franklin Hyde, neman abin da zai haɗa jure zafi irin na gilashi da laushi irin na roba, ya kuwa samo shi a cikin danƙon da Kipping ke zubarwa. A 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric ya gano hanya mai araha ta sarrafa sinadarin da yawa, Richard Müller a Jamus ma ya gano irinta shi kaɗai. Yaƙin duniya na biyu ya ƙara wa abin gudu. An kafa kamfanin Dow Corning a 1943, kayansa na farko kuwa wani man shafawa ne da ke hana wayoyin wutar injin jirgin sama tartsatsi idan jirgi ya yi sama sosai. Sai a ƙarshen shekarun 1950 aka samu irin wanda ka sani, na cikin gwangwanin roba, wanda ake matsawa ya daskare da kansa a iska. A shekarun 1960 masu ƙera akwatin kifi suka fara jefar da firam.

Gilashin ma ya canja a daidai wannan lokaci. A 1959 kamfanin Pilkington na garin St Helens a Ingila ya sanar da dabarar Alastair Pilkington: a zuba narkakken gilashi a kan tafkin narkakken kuza, irin kuzan da aka yi ta haƙa a Jos, ya shimfiɗu a kai kamar mai a kan ruwa, ya fito sumul ta fuska biyu ba tare da an goge ba. Kusan duk gilashin da masu aikin aluminiyom ke yanka maka a Katsina yau ta wannan hanya aka yi shi. Sarrafa gilashi kam tsohon abu ne a Nijeriya, an narka shi a Ile-Ife ƙarnuka da dama da suka wuce, Masaga na Bida ma sun shahara da duwatsun wuya da awarwaro, amma falle mai faɗi, mai kauri ɗaya daga gefe zuwa gefe, mai araha, wannan kam ɗan 1959 ne.

To yaya gam ke kama abin da ba shi da rami?

Gilashi yashi ne da aka narka da soda da farar ƙasa. Ƙashin bayansa sarƙa ce ta silisiyom da oksijin, wannan na riƙe da wancan. Silikon ma ƙashin bayansa sarƙar silisiyom da oksijin ce, sai dai an rataya mata wasu 'yan rassa da ke sa ta lanƙwasa. Ka ga ashe 'yan gida ɗaya ne. A fuskar gilashi, inda sarƙar ta yanke, akwai 'yan hannaye na oksijin da haidurojin da suka miƙo waje, biliyoyi a wurin da bai kai kan allura ba. Idan ka matsa gam, danshin iska yana shiga cikinsa ya ɓalle wasu sinadarai da ke toshe bakin sarƙoƙinsa. Abin da ya ɓalle shi ne warin nan mai tsami kamar ruwan khal da ke bugun hanci. Sarƙoƙin da bakinsu ya buɗe sai su kama juna su zama roba, waɗanda ke jikin gilashi kuma su kama waɗancan hannaye, su ƙulla irin ƙullin da ke cikin gilashin kansa. Saboda haka kankare fuskar gilashi da samfefa don ta yi kaushi, kamar yadda magini zai yi wa bango, ɓata lokaci ne. Abin da gam ke bukata shi ne ya taɓa gilashin kansa, ƙwaya da ƙwaya.

A nan ne maiƙo ke shigowa, kuma tarihinsa ya fi na silikon tsufa. Benjamin Franklin ya taɓa zuba mai da bai wuce cokalin shayi ba a wani tafki a Clapham, kusa da Landan, ya ga ya bazu ya kwantar da ruwa a fili mai girman rabin eka, labarin da aka buga a 1774. Rabin eka kusan fuloti huɗu ne na ƙafa 50 da 100. Idan ka raba cokali ɗaya a wannan fili, kaurin man bai wuce kashi biyu da rabi cikin miliyan na milimita ba, siririn da ya fi gashin kanka sau fiye da dubu ashirin. Wata mata a Braunschweig ta Jamus, Agnes Pockels, wadda ba ta samu shiga jami'a ba tana jinyar iyayenta, ta lura da yadda maiƙo da sabulu ke canja fuskar ruwan wanke-wanke, ta ƙera na'urar aunawa a gida, ta rubuta wa Lord Rayleigh wasiƙa, shi kuma ya sa aka buga ta a mujallar Nature a 1891. Daga baya Irving Langmuir ya ci kyautar Nobel a 1932 a kan ilmin fuskar abubuwa, abokiyar aikinsa Katharine Blodgett kuma ta nuna yadda ake shimfiɗa maiƙo a kan gilashi layi ɗaya bayan ɗaya, kowane layi kaurin ƙwaya guda. Abin da duk wannan ke gaya maka: layi ɗaya tak ya isa ya rufe hannayen gilashi. Ba za ka gan shi ba, gilashin zai yi ta ƙyalli, amma gam a kan maiƙo ya kwanta.

Yanzu dawo Katsina, ka tsaya a shagon mai yankan gilashi ka ƙirga. Fallen ya iso da ɗan garin da masana'anta ke barbaɗawa tsakanin falle da falle don kada su manne. Mai yanka ya tsoma abin yankansa a kananzir ko mai don wilin ya bi sumul, man kuwa a kan layin yanka yake zuba, daidai inda gam zai zauna. An yi alama da maka. Yaron shago ya ɗauka da hannu, idan lokacin hunturu ne hannun nan ya sha basilin ko man kaɗanya tun da safe. Sannan a ɗauko tsumman da aka goge firam da shi a goge gilashin, ko jarida, ko ruwan omo wanda shi ma yakan bar nasa layin. Ban ga laifin mai shagon ba. Aikinsa na kullum taga ne da akwatin masu sayar da fanke da cincin, inda aluminiyom ke ɗaukar nauyi, gam kuwa ƙura da ruwan sama kawai yake tarewa. Wato yana aiki ne a tsarin 1853, an kawo masa aikin 1965. Gilashin mil 4 ko 5 da ya saba da shi ma ba na ruwa mai zurfin santimita 60 ba ne, irin wannan mil 10 zuwa 12 yake so, da ƙarin sanduna na gilashi a sama. Ka kuma sani cewa idan ka ninka zurfin ruwa biyu, turin da yake yi wa bango sau huɗu yake ninkuwa.

Hanyar gogewar da ta fi inganci ta fito ne daga masu ginin benaye, waɗanda tun daga wani gini a Detroit a 1971 suke manna gilasai a jikin bene da silikon ba tare da ƙarfe ya rufe gefensu ba. Su kam ba su da damar kuskure, mutane ke wucewa a ƙasa. Ƙyalle biyu suke amfani da shi. A zuba asiton ko farin sifirit a kan na farko, ba a tsoma ƙyallen cikin kwalba don kada a ɓata sauran, a goge gefen ta hanya ɗaya, sannan nan take a bi da busasshen ƙyalle kafin sifirit ɗin ya tashi. Hikimar tana cikin ƙyalle na biyu. Sifirit narkar da maiƙo kawai yake yi, idan ka bar shi ya bushe da kansa, shi ya tafi, maiƙon ya koma ya kwanta, har ma ya fi bazuwa. A zafin Afrilu na Katsina, da ma'auni ke haura digiri 40, daƙiƙu kaɗan gare ka, don haka taki ɗaya-ɗaya za ka riƙa yi. Farin ƙyallen auduga mai tsabta, kana juya shi zuwa wuri sabo. Fetur da kananzir da abin goge jan farce duk suna barin mai, ka bar su. Daga nan hannu ba ya sake taɓa wurin sai da safar roba.

Kafin gogewa akwai bakin gilashin. A. A. Griffith ya nuna tun a 1920 cewa ƙarfin gilashi yana rataye ne ga ƙananan tsagogin da ke jikinsa, kuma sabon yanka cike yake da su. A dasashe kaifin da dutsen wasa ko samfefa da ruwa, a wanke garin, a bari ya bushe sarai. Idan tsohon akwati ake gyarawa, sai an kankare tsohon gam da sabuwar reza har ya ƙare ƙaf, domin sabon silikon ba ya kama busasshe yadda ya kamata, kuma ɗan abin da ya rage ba ya ganuwa sai ka karkata gilashin ga haske. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: ɗiga ruwa a wurin. A kan gilashi mai tsabta ruwa shimfiɗuwa yake yi, idan ya dunƙule ya yi ƙwaya-ƙwaya, akwai maiƙo. Ka bushe wurin ka sake bi da sifirit bayan gwajin.

Hunturu yana da matsala biyu. Ta farko ƙura, wadda ke sauka a kan gilashin da ka goge kafin ka juya, saboda haka a ɗaki rufaffe ake aikin, a matsa gam cikin 'yan mintoci bayan gogewa, sannan a buɗe taga warin ya fita. Ta biyu ba kowa ya san ta ba. Ka tuna danshin iska ne ke daskarar da gam ɗin, daga waje zuwa ciki. Abin da masana'antu ke rubutawa, kamar mil 2 zuwa 3 a kwana guda, an auna shi ne a digiri 23 da danshi kashi 50 cikin ɗari. A Katsina cikin Janairu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Saman gam zai yi fata ka ɗauka ya nuna, cikinsa kuwa ɗanye ne. Mutum ya ga rana na dukan aiki ya ce ai ya bushe, alhali wannan gam ba irin wanki ba ne, ruwa yake nema. Mako guda shi ne mafi ƙaranci, a hunturu a ƙara kwanaki, a kuma ajiye bokitin ruwa ko jiƙaƙƙen buhu a ɗakin. Sai ka duba jikin gwangwanin: wanda aka yi don banɗaki da kicin yakan ƙunshi maganin hana fumfuna, kuma wannan magani yana kashe kifi.

Kafin ka ba da kuɗin aiki, ka nemi a yi maka abin da masu benaye ke yi. A ɗauki guntun gilashi daga falle ɗaya, a goge shi yadda za a goge naka, a ja masa layin gam mai tsawon yatsa, a ajiye mako guda. Sannan ka ɗaga bakin gam ɗin da reza ka ja da ƙarfi. Idan ya ɓare gaba ɗaya ya bar gilashi fes kamar an ɓare ayaba, bai kama ba, akwatin ma haka zai yi, daga kusurwar ƙasa inda turi ya fi yawa, ruwa yana bin bayan ɓarakar a hankali na makonni ko watanni. Idan kuwa robar ce ta yage ta bar namanta a jikin gilashi, ya kama. Cikawar farko kuma a tsakar gida ake yinta, a kan daɓe mai daidaito, da busassun jaridu a ƙarƙashi don ɗigo ɗaya ya nuna kansa. A zuba kashi ɗaya cikin uku a jira, a ƙara a jira, a bar shi cike kwana biyu ko uku, yara kuma su yi nesa da wurin.